Abin Da Yaro Yake Kawowa Gida Daga Filin Ƙwallo

In ka taɓa ratsa Kete Krachi da la'asar, ka san abin da idonka zai gani. Duk inda aka sami fili, ko a bayan makaranta ko a hanyar bakin tafkin Volta, yara suna buga ƙwallo. Wasu da takalmi, wasu babu, duwatsu biyu kuma sun isa raga. Haka abin yake a Salaga da Yendi da Bawku. Ɗan Krachi da ɗan Konkomba da ɗan zango suna ƙungiya ɗaya, ba mai tambayar ɗan'uwansa kabilarsa kafin ya miƙa masa ƙwallo. Tambayar da nake so mu yi tunani a kai yau ita ce: sa'ad da yaro ya dawo daga fili, me ya kawo gida, kuma a hannun wa ya karɓo shi?

Bari in fara da kaina, gama ba daidai ba ne in nuna wani da yatsa alhali nawa laifin yana nan. Ɗana yana da shekara goma sha biyu sa'ad da unguwarmu ta kara da wata unguwa. Alƙalin wasan wani saurayi ne, ba wanda ya biya shi ko sisi, ruwan leda kawai aka ba shi. Dab da tashi ɗana ya jefa ƙwallo a raga, alƙali ya busa usur ya ce satar gida ce. Ban san lokacin da na ɗaga murya na ce, “Alƙali, nawa aka biya ka?” ba. Mutane suka fashe da dariya, wani ya ce, “Ai ga shi Fasto ma ya gani!” Daga nan zagi ya ɓarke, har wani ya jefi saurayin nan da dutse.

Da dare yaron ya yi gardama da ƙanwarsa, mahaifiyarsu ta raba su, ta ba shi rashin gaskiya. Sai ya dube ta ya ce, “Mama, nawa aka biya ki?” Na ɗaga hannu zan mare shi, hannun ya ƙi sauka, domin muryata ce na ji a bakinsa. Washegari na kama hannunsa muka tafi gidan su saurayin, na roƙe shi gafara a gaban ɗana da iyayensa. Ban san ko hukuncinsa daidai ne ba har yau. Abin da na sani shi ne na zargi ɗan mutane da cin hanci ba tare da shaida ba.

Wataƙila za ka ce, “Ai wasa ne kawai, kowa yakan yi ihu a fili.” Ɗan'uwa, mu a Ghana ba mu da bakin faɗin haka. Ran 9 ga Mayu, 2001, Hearts of Oak da Asante Kotoko suka kara a filin wasa na Accra. Hearts ta ci biyu da ɗaya, masu goyon bayan Kotoko suka fusata, suka shiga ɓalle kujeru suna jifa. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofofi suka tarar da su a rufe. Mutum 126 suka mutu a ranar, da yawansu samari ne daga zangunan Accra irin su Nima. Ba wanda ya bar gidansa da niyyar kashe kowa. Fushi ne a kan wasa, kowa ya ƙara nasa kaɗan. Mu na arewa kuma mun tuna 1994, sa'ad da gardama a kan kuɗin zabo a wata kasuwa kusa da Bimbilla ta kunna yaƙin da ya taɓa Yendi da Salaga. Tushen rikicin maganar ƙasa ce da sarauta, amma ƙaramar magana ce ta kyasta ashana. A wuri irin namu, zagi a bakin fili yana iya bin mutum har gida.

Akwai kuma wani gefen. Wa ya manta daren 2 ga Yuli, 2010, a Afirka ta Kudu? A minti na ƙarshe Dominic Adiyiah ya sa kai, ƙwallo tana shiga raga, Luis Suarez na Uruguay ya tare ta da hannu. Dukanmu muka ce zalunci ne, wasu sun kwana ba su ci abinci ba. To, amma mu da muka yi kuka a daren nan, me muke yi a wasan yara? Koci yakan ɗauko saurayi mai shekara goma sha bakwai ya rubuta masa goma sha uku. Uba yakan je ya sake takardar haihuwa da hannunsa. Abin ya yi yawa a duniya har FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin gane shekarun 'yan wasa, a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009. Hannun Suarez na daƙiƙa ɗaya ne, an kuma ba shi jan kati nan take. Ƙaryar shekaru kuwa yaro ne zai yi ta ɗauka a ka shekara da shekaru, manya ne kuma suka ɗora masa. Yaron da ya dace da gurbin yana zaune a gefe yana kallo, shi ma yana koyon darasinsa.

Kada ka ji kamar ina cewa yaro kada ya so ci. Ya so mana! Wasan da ba a neman nasara a cikinsa ba shi da daɗi, yin sakaci kuma raini ne ga abokin karawa. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, ya yi misali da ɗan wasa da ladansa, amma ya ɗaure ladan da bin ƙa'ida. Dalilin a fili yake. Kofi shaida ce cewa ka fi wani a kan sharuɗɗan da ku biyu kuka yarda da su. In ka karya sharuɗɗan, kofin yana ba da shaidar zur a kan teburinka. Abokin karawarka kuma ba maƙiyinka ba ne, gama in bai zo fili ba kai ma ba ka da wasa. Haka alƙali. Mutum ne, zai yi kuskure kamar yadda mai tsaron gida yakan yi, amma in aka kore shi da jifa, gobe wa zai yarda ya riƙe usur?

Saboda haka, kai koci, ka tuna amana ce a hannunka. Cikin yaran nan kaɗan ne ƙwarai za su ci abinci da ƙwallo, amma dukansu za su zama maza a gari, masu aure, masu riƙe kuɗin mutane. Kada ka koya musu faɗuwar ƙarya ko taka ƙafar wanda ya fi su. Ka sa wanda bai iya sosai ba shi ma ya taɓa ƙwallo. Ku iyaye, in yaro ya dawo, kafin ku tambaye shi nawa da nawa, ku tambaye shi ko ya gaisa da waɗanda suka kara da su. In an cinye su, kada ku haɗa masa zafi biyu. Kai kuma yaro, ka tuna Asamoah Gyan a wancan daren. Ya buga fenariti ta daki ƙarfen raga a gaban duniya duka. Bayan 'yan mintoci, da aka zo bugun raba gardama, shi ne ya fara fitowa wa Ghana, ya kuma ci. An fitar da mu duk da haka, amma wannan ƙarfin hali abin koyi ne.

Mai karatu, ran Asabar mai zuwa in ka je bakin fili, ka gwada abu ɗaya. In yaron ɗaya gefen ya yi abin kirki, ka tafa masa. In an tashi, ka je ka ba alƙali hannu ka ce masa sannu da aiki, ko an ci ku ko kun ci. Ka yi shi a inda ɗanka zai gani. Allah ya ba mu ikon kame bakinmu, ya kuma tsare mana yaranmu. Amin.