Masu Auna Ruwan Sama, Sannunku da Aiki

Ku da kuke sammako ku duba ma'aunin ruwan sama, ga magana gare ku. Da ma'aikacin tashar yanayi da ke gefen filin jirgi nake, da malamin gona da aka kafa wa ma'auni a bayan ofis, da malamin firamare da ya ɗauki nauyin na ƙauyensu ba don ana ba shi ko sisi ba, da mai gangarawa bakin kogi ya karanta inda ruwa ya kai a jikin sanda. In an karanta hasashen damina a rediyo, babu mai ambaton sunanku. Ƙila ma wani a cikinku ya fara tambayar kansa, anya akwai mai buɗe littafin nan da nake cikawa da lambobi shekara da shekaru? Akwai shi, kuma ya kamata ku san inda lambobin suke zuwa.

Mu fara da abin da ke hannunka. In ka rubuta milimita 1, ka ce kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya ya sha lita guda. A hekta ɗaya, lita 10,000 ke nan. Ranar da ka rubuta 20, ka shaida cewa lita 200,000 ta sauka a kowace hekta ta yankinku. Manomi zai ce an yi ruwa mai kyau, wani ya ce yayyafi ne kawai, a yi ta musu a majalisa. Lambarka ba ta musu. Mutumin Zinder da na Gusau da wanda ke zaune gaban kwamfuta a wata nahiya duk abu guda za su fahimta, yau da bayan shekara hamsin.

A 1904 wani masani ɗan Norway, Vilhelm Bjerknes, ya kawo maganar da ta zama tushen wannan fanni. Ya ce iska tana bin dokokin da za a iya rubutawa da alamomin lissafi: wannan harafi na zafi, wancan na matsin iska, wani na damshi, wasu na gudun iska da inda ta dosa. In an san halin da sama take ciki yanzu, aka kuma san dokokin, to ana iya lissafa halin da za ta shiga gobe. Faɗa da sauƙi. Wanda ya fara tunkarar aikin da fensir da takarda shi ne Lewis Fry Richardson, Bature ɗan Ingila da ya ƙi ɗaukar bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zaɓi tuƙa motar ɗaukar waɗanda suka ji rauni a Faransa. A ɗan hutun da yake samu ya raba taswirar tsakiyar Turai gida-gida kamar gurabun dara, ya zuba wa kowane gida lambobin da masu awo suka rubuta ranar 20 ga Mayu, 1910, ya shiga lissafa abin da zai faru bayan awa shida kacal. Aikin ya ci masa kimanin mako shida. Takardun ma sun taɓa ɓacewa a hargitsin yaƙi, sai bayan watanni aka tsince su ƙarƙashin tarin kwal.

Amsar da ya samu kuwa ba ta yi daidai ba ko kusa. Lissafinsa ya ce matsin iska zai ƙaru da miliba 145 cikin awa shida, alhali a ranar kusan bai motsa ba. Da wani ne, da ya cusa takardun a akwati ya yi shiru. Shi kuwa ya buga su a littafi a 1922, da kuskuren da komai, har ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga yanayin duniya gudu. Bayan shekaru masu yawa wani masani ɗan Ireland, Peter Lynch, ya sake bin aikin da kwamfuta, ya nuna cewa hanyar Richardson tana da kyau. Matsalar tana cikin lambobin farko, waɗanda ba a daidaita su da juna ba kafin a zuba su. A nan maganar ta iso kanku. A 1950 kwamfutar ENIAC a Amurka ta yi hasashen farko irin wannan, ta kwashe kusan awa 24 tana lissafin yanayin awa 24. Na'urorin yau suna gama wanda ya ninka wannan kafin ka shanye shayi. Amma har gobe, abin da aka zuba musu shi suke niƙawa.

Mu mutanen Sahel mun fi kowa sanin tsadar rashin sani. Farin farkon shekarun 1970 ya cinye dabbobi ya watsa garuruwa, shi ya sa aka kafa ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, wato CILSS, a 1973, aka buɗe cibiyarta ta nazarin yanayi da ruwa da noma, AGRHYMET, a Yamai a 1974. Na 1984 ya zo ya ƙara. A 1986 masana uku a hukumar yanayi ta Birtaniya, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa yawan ruwan Sahel yana tafiya da yadda zafin tekunan duniya yake sauyawa, na kudu da na arewa. Da me suka kwatanta zafin tekun? Da littattafan ruwan sama na gomman shekaru, waɗanda magabatanku a wannan aiki suka cika da hannu a tashoshin da ba kowa ya san da su ba. Kan irin wannan sani ne masana yanayi na Afirka ta Yamma suke haɗuwa kafin kowace damina tun 1998 su fitar da hasashe, haka ma hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, take fitar da nata a farkon kowace shekara.

Akwai wani lissafi da ya fi wannan kusa da fartanya. Kowa ya san takaicin ruwan yaudara: a yi ruwa guda, a fita shuka, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke mako biyu, iri ya ƙone. A 1988 M. V. K. Sivakumar na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya bi bayanan tashoshi da dama na Nijar da Burkina Faso, ya tsara ƙa'ida: damina ta kama ne ranar da, bayan 1 ga Mayu, aka tara aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma cikin kwana 30 da suka biyo baya ba a samu ɗaukewar ruwa fiye da kwana bakwai ba. Da wannan ƙa'ida ake komawa littattafan shekarun baya a gano lokacin da damina ta saba tsayawa da ƙafarta a kowane yanki, da tsawon da ta saba yi, don a san ko iri mai saurin nuna ya fi dacewa.

Ku lura da rabin ƙa'idar na biyu, domin kwanakin da ba a yi ruwa ba yake ƙirgawa. Saboda haka sifirin da ka rubuta ranar da ma'auni ya wayi gari a bushe, darajarsa ɗaya da ta 40 ɗin da ka rubuta bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. In ka bar gurbin babu komai, mai lissafi ba zai san ko ruwa ne bai zo ba ko kai ne ba ka zo ba. Haka ma durƙusawar da kake yi don idonka ya yi daidai da saman ruwan a cikin gilashin awo, da riƙe lokaci guda kowace safiya, da hana reshen darbejiya rufe bakin mazurari. Har tauraron ɗan'adam da ke ƙiyasta ruwa daga sanyin saman gajimare, da awonku na ƙasa ake gyara masa hannu. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana kokawa cewa tashoshin awo a Afirka sun yi ƙaranci ƙwarai, wato kowane ɗayanku yana tsaye ne a madadin ƙasa mai faɗin gaske.

Za a ce muku ruwa na Allah ne, kuma gaskiya ne. Babu mai hasashen kirki da yake da'awar sanin gaibu. Kakanninmu da suka ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa akwai alama, alamar suka karanta, ku ma ita kuke karantawa da ma'auni da biro. Za a kuma ce hasashe yana kuskure. Yana yi. Tun 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan bambanci ƙanƙani a lambobin farko yana girma har ya juya sakamako, shi ya sa ake magana da kashi cikin ɗari. Malam malamin gona, wannan wurin naka ne: in an ce akwai yiwuwar kashi 60 cikin 100 ruwa ya makara, ka faɗa wa Alhaji da Inna haka ɗin da Hausar da suke ji, kada ka mayar musu da shi alkawari.

Hukumomi kuma a ji tsoron Allah a kan mutanen nan. Gilashin awo in ya fashe a sauya shi a makon, alawus ya fito a kan kari, hasashen ya koma ƙauyen da ya bayar da lambobin. Ku kuma, kafin hadarin farko na bana, ku share mazurari, ku duba ko ma'aunin bai karkata ba, ku ɗauki hoton tsofaffin shafuka da waya kafin gara ta riga ku. Sannan kowa ya ja yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a jiki ya koya musu karatun gilashin, don ranar da zazzaɓi ko tafiya ta hana ka fita a samu mai cike gurbin.