"Wane Aiki Yake Yi?": Nasiha Ga Iyaye Da Masu Neman Aure

  

Ya ku 'yan uwana mazauna Doha da sauran ƙasashen waje, ina son mu dubi tambayar da ake fara yi idan saurayi ya aika neman aure: wane aiki yake yi? Idan aka ce likita ne a asibitin Hamad, ko injiniya a QatarEnergy, ko matuƙin jirgin sama, sai fuska ta saki, a shimfiɗa tabarma. Idan kuwa mai gadi ne, ko direba, ko lebura mai kwana a Sana'iyya, sai a ce, "Za mu yi shawara." A gida ma haka jerin yake: Babban Banki, Kwastam, NNPC, sauran su biyo baya.

Wannan ciwo ya daɗe a cikinmu. Tun dā akwai gidajen da ba sa ba mahauci ko wanzami ko majemi aure, alhali suna cin namansa, suna kiransa ranar suna, suna sallah a kan buzunsa. Sunayen sana'o'in ne kawai suka canza.

To, me addini ya ce? A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kafa'a, wato dacewar miji da mata, tana komawa ne ga addini da kuɓuta daga aibin da ke ba da zaɓin raba aure. Sana'a ba ta ciki. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci ƙabilar Banu Bayada su ƙulla auratayya da Abu Hind, alhali sana'arsa yin ƙaho ce. Annabi Zakariyya kafinta ne, Annabi Dawud maƙerin sulke. Annabi Musa ya isa Madyana baƙo, hannu rabbana, abin da aka yaba masa shi ne ƙarfi da amana, aka kuwa ba shi aure.

Ba ina cewa kada a bincika ba. Ciyarwa, tufatarwa da muhalli wajibi ne a kan miji, kuma Annabi (SAW) da kansa ya ambaci talaucin Mu'awiya lokacin da Faɗima bint Ƙais ta nemi shawara. Mafi ƙarancin albashi a Ƙatar tun 2021 riyal 1,000 ne, ban da kuɗin abinci da masauki. Hakkin uba ne ya san ko hakan zai riƙe gida, da kuma inda 'yarsa za ta zauna. Sai dai ya tambaya: halal yake ci? Yana tsayar da sallah? Yaya mu'amalarsa take? Sau nawa babban albashi ya zo tare da mugun hali!

Ku kuma samari, ku ji tsoron Allah. Tsayawa gaban dogayen benen West Bay a ɗauki hoto, a aika Kano ko Maraɗi da sunan "ofishinmu", yaudara ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya kwana yana gadi don ya ciyar da mahaifiyarsa ba shi da abin ɓoyewa. Faɗi aikinka da albashinka yadda suke. Wadda ta karɓe ka a haka, ita ce za ta zauna.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya haɗa 'ya'yanmu da abokan zama nagari. Amin.