Kwalta Ta Yi Santsi, Ɗana, Ka Canza Taku

Ya kai ɗana, matso kusa mu yi magana. Na ji ku a majalisa kuna ƙorafi kan titin Kano zuwa Zariya: wai wurin juyawa ya yi nisa, tsallakawa ta zama sai da addu'a, motoci kuma na wucewa kamar an harbo su. Ban ƙaryata ku ba. Sai dai akwai namu laifin, shi ne ban ji kowa ya ambata ba.

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya shigo gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya zama damina ta biyu. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa suka jawo mana manyan motoci daga ko'ina. Titin nan ya ratsa tsakiyar arzikinmu: gida a wannan hannun, gona a wancan, kasuwa a bakin kwalta. Da shi muke ci, ba mu da wata hanyar rabuwa da shi.

Kafin Julius Berger ya soma sake gina shi a 2018, ramuka ne birkinmu. Direba na kaucen rami, kai kuma ka samu sararin tsallakawa da buhu a ka. Yau ramukan sun tafi, amma mun riƙe halin zamanin ramuka. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gan ka, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ta riga ta shafe tsawon fuloti. Idan gudu ya ninka, nisan da za ta ci bayan an taka birki ninki huɗu yake yi. To ina ga tirelar da ta sha kaya?

Don haka ka ji ni da kyau. Kada ka bi wan-we da babur ko kurkura don kana ƙyashin zagayawa. Man da kake tattali bai kai kuɗin ɗori ba, balle ran fasinjan da ya ba ka amanar kansa. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Kada ka shanya shinkafa a gefen kwalta ka tokare ta da duwatsu. Nan ne mafakar direban da tayarsa ta fashe, kuma dutsen da ka manta da magariba shi zai kayar da ɗan acaɓa da daddare. Idan kakar tumatir ta kama a Kwanar Gafan, ku ja kwanduna da lodi can ciki, ciniki ba zai gudu ba. Ƙanenka ɗan firamare kuwa, idonsa bai iya auna gudun mota ba tukuna. Riƙe hannunsa har sai ya taka ƙasar wancan ɓangaren.

Ranar da tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada zafin zuciya ya sa ku tare hanya, ko ku zuba tudun kankare cikin dare babu fenti babu alama. Direban da zai ci karo da shi bai san hawa ba bai san sauka ba, wataƙila ma mara lafiya ya ɗauko zuwa asibitin Malam Aminu Kano.

Kukanku ku kai shi inda za a ji. Ku zauna da mai unguwa da dagaci, ku rubuta wuraren da haɗari ya fi aukuwa, da rana da lokaci. Hakimi da shugaban ƙaramar hukuma su miƙa wa Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, domin titin nata ne, da hukumar kiyaye haɗurra, wato 'yan rod sefti, wadda aka kafa tun 1988 saboda irin wannan. Ku nemi abu takamaimai: gadar tsallakawa kusa da makaranta, tashar lodi a wajen kwalta, fitilu, da alamun rage gudu tun daga nesa. In an gina gadar kuma, ku hau ta, kada ta zama rumfar masu talla.

Takarda kan yi shekara a ofis kafin a waiwaye ta. Kai kuwa gobe da asuba za ka tsallaka zuwa ban ruwa. Ka tsaya, ka duba, ka sake dubawa. Shinkafarka za ta jira ka minti biyar, mahaifiyarka kuma tana jiran sallamarka da yamma. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana ku.