Wa Ke da Alhakin Tarbiyyar Yaro?

Da yawa daga maƙwabtanmu Kiristoci a nan Ibadan, kafin su tafi coci ranar Lahadi, maigida kan tara iyalinsa da sassafe su karanta Baibul, su yi addu'a. Littafinsu na Maimaitawar Shari'a, sura ta 6, ya ɗora koyar da 'ya'ya a wuyan iyaye.

To mu 'yan Sabo fa? Mun biya kuɗin Islamiyya, mun wuce kasuwa, sai dare. Malam zai biya wa yaro karatu, amma a gida yake gane ko ubansa ya ɗauki abin da muhimmanci. Aƙidarmu da tasu daban, nauyin iyaye kuwa ɗaya ne. Jama'a, ko minti goma ne bayan Asuba, mu zauna da yaranmu.