Tonon Asali: Amana Ce Ko Neman Fitina?

Duk wanda ya ƙudura aniyar bin salsalar gidansu yakan gamu da gargaɗin manya, cewa garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yankanta. Wannan gargaɗi yana da dalili. A ƙarni na 19 mayaƙan Ningi sun sha kai hari kudu maso gabashin ƙasar Kano, wadda Dutse da Birnin Kudu ke cikinta a lokacin, aka kama mutane, aka raba iyalai. Turawa sun yi shela cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 doka ta kawar da bauta ɗungum a Arewa. Saboda haka mai tonon asali yana iya iske bawa a cikin kakanninsa, yana kuma iya iske mai bayi. A ƙasar da ake binciken asali kafin a ba da aure, irin wannan labari na iya rushe baiko. To, mu tona ko mu bari?

Amsarmu ita ce mu tona, domin mantuwa ba ta yi wa kowa adalci. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci Sarkin Dutse tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. Sarakuna suna da marubuta da maroƙa masu riƙe sunayensu. Manomin da ya sare dajin da muke nomawa, da matar da ta goyi kakanmu ta ƙetare yunwa da shi, ba su da kowa sai mu. In muka yi shiru, sun mutu sau biyu ke nan.

Mafarin aikin yana cikin gida. Zumunta a ƙafa take, tarihi ma haka. A je wurin tsofaffi da littafi da alƙalami tun suna da rai, kada kuma a tsallake tsofaffin mata, gama su ne suka riƙe lissafin aure da haihuwa da dangin uwa. A tambayi suna da laƙabi da kirari, da sana'ar gida, da ma'anar tsagar fuska, da waɗanda ake wasan taubasantaka da su, domin kowannensu yana nuna inda aka fito. Tsoho ba zai faɗi shekara ba, amma zai ce an haifi ubansa lokacin basasar Kano, wato 1893 zuwa 1895, ko zuwan Nasara a 1903, ko babbar yunwa ta 1914. Da haka ake ɗaure labari a jikin shekaru. Bayan baki sai takarda. Tun 1563 Majalisar Trent ta umarci kowace ikilisiya ta riƙe littafin baftisma da na aure, inda ake samun sunayen iyaye da masu tsayawa. Rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suna ajiye a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. A tuna cewa sai ran 27 ga Agusta, 1991 aka kafa Jihar Jigawa, don haka tsofaffin takardun Dutse a ƙarƙashin sunan Kano za a neme su.

Sharaɗi biyu ne ke mai da wannan bincike aikin kirki. Na fari gaskiya. Kowa na son ya ce kakansa basarake ne ko malami daga Gabas, amma wanda ya ƙaga wa kansa kaka ya yi musun wanda ya haife shi. Matiyu da ya jera kakannin Yesu Kristi bai ɓoye Tamar ba, ko Rahab, ko Rut baƙuwa daga Mowab, ko matar Uriya. Idan Mai Ceto bai ji kunyar irin wannan salsala ba, wane ne mu?

Na biyu jinƙai. Abin da muka tono na gidanmu ne, ba makamin gori ba. Asirin da tsohuwa ta faɗa mana cikin amana, wanda ya shafi masu rai, ba a baza shi sai da yardarsu. Jikan bawa bai gaji ƙasƙanci ba, jikan mai bayi kuma bai gaji laifi ba, sai dai ya gaji hakkin faɗin gaskiya. Wuƙar da manya ke tsoro tana hannun mai gori, ba cikin ƙasa take ba.

Don haka kafin kaka mai zuwa, bari kowane gida ya rubuta sunayen kakanninsa har iyakar inda aka sani, ya karanta wa yara, ya kuma sa su cikin addu'a a watan Nuwamba, sa'ad da muke tunawa da matattu. Allah ya ba su hutawa ta har abada, ya ba mu zuciyar karɓar su yadda suke. Amin.