Dariyar da Ba a Iya Ramawa

Wata rana da almuru 'yata mai shekara shida ta ɗora yatsa a kan wani zane ta ce, "Baba, waɗannan mutane ne ko birai?" Littafin da ke hannunta shi ne If I Ran the Zoo, na shekarar 1950, wanda na tsinto mata a wajen masu sayar da littattafan gwanjo. Zanen kuwa na wasu mutum biyu ne da aka ce daga Afirka suke, ba riga, ba takalmi, sun ɗaura bujen ciyawa, sun saɓo sanda da wata baƙuwar halitta a kanta. Na rasa amsar da zan ba ta, domin ni da kaina na saya, kuma mai littafin mutum ne da na daɗe ina yaba wa a gaban ɗalibaina.

Theodor Geisel, wanda duniya ta fi sani da Dokta Seuss, Ba'amurke ne. An haife shi a 1904, ya rasu a 1991. Da zanen barkwanci a mujallu da tallace-tallace ya fara cin abinci, kafin ya koma ga yara. A 1957 ya fitar da The Cat in the Hat, labarin wani kyanwa mai doguwar hula da ya faɗo wa yara biyu ranar ruwan sama, uwarsu ba ta nan, ya birkita gidan kaf. Da kalmomi 236 kacal ya gina littafin, saboda yaro ya iya karantawa da kansa. Duk malamin da ya taɓa gwada rubuta wa yara shafi guda ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Yaran da littattafan makaranta suka gundura sun koyi karatu ta hanyar ƙyalƙyala dariya, kuma wannan alheri ne da ba mai iya ƙwace masa.

To, yaya za a yi alƙalami ɗaya ya haifi wannan alheri, ya kuma haifi wancan zane? Wasu kan ce ai wasa ne, wasa kuwa ba a kai shi gaban alƙali. Ban gamsu ba. Mu Hausawa ba baƙin wasa ba ne. Bafillace da Babarbare sukan yi wa juna tsiya har mai sauraro ya riƙe ciki, haka Bakano da Bazazzagi, haka jika da kaka. Kalaman da ake jifa da su a irin wannan wasa, in da a bakin baƙo suka fito, da sai an raba faɗa. Abin da ya halatta su shi ne, wanda aka tsokana yana nan tsaye, yana da baki, zai kuma rama nan take ko gobe a kasuwa. Ramuwar ita ce ke mayar da zagi zumunci.

Mutanen nan biyu na cikin zane ba su da bakin ramawa. An zana su, an buga dubban kofe, an rarraba wa yaran da galibinsu ba su taɓa zama da ɗan Afirka ba. Yaron da ya yi dariya ya ɗauki darasi ba tare da ya san an koya masa kome ba, kuma abin da ya shiga ta ƙofar dariya ya fi wanda ya shiga ta ƙofar bulala daɗewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai zane kuwa ɗanyen icce ake miƙa masa.

Abin mamaki, Geisel ya san wannan sarai. A littafinsa Yertle the Turtle na 1958, wani sarkin kunkuru ya sa talakawansa su hau kan juna domin gadonsa ya ƙara tsawo, har na can ƙasa ya yi gyatsa, sarki ya rikito cikin taɓo. Shi da kansa ya ce Hitila yake nufi. Nan dariya sama ta nufa, wajen mai ƙarfi, kamar yadda Gizo kan wasa da hankalin zaki da kura a tatsuniyoyinmu. Yaro, wanda kowa ya fi shi ƙarfi a gida, yana bukatar irin wannan dariya kamar yadda yake bukatar abinci. Amma mutumin nan dai, a watan Fabrairun 1942, ya zana Amurkawa 'yan asalin Japan a jere suna karɓar nakiya, duk da fuska iri ɗaya, a daidai lokacin da gwamnati ke shirin kwashe su zuwa sansanonin tsaro. Wannan karon dariyar ƙasa ta nufa, wajen wanda aka riga aka danne.

Akwai masu kare shi da cewa ɗan zamaninsa ne. Gaskiya ne, sai dai uzuri ne da ya fi amfanar marubuci a kan mai karatu. 'Yata ba a 1950 take karatu ba. Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce alamar nadama. Ya ziyarci Japan a 1953, shekara guda bayan haka ya fitar da Horton Hears a Who!, labarin giwa mai kare wasu ƙananan halittu da ba wanda ke jin muryarsu, ya kuma sadaukar da shi ga wani abokinsa Bajapane. A 1978 ya gyara zanen wani Basine a littafinsa na farko, ya cire launin rawaya da ya shafa masa. Ina girmama wannan. Mutum ya koma kan aikinsa da ya yi suna ya ce na yi kuskure, abu ne da mu malaman jami'a ma ba mu cika yi ba. Amma mutanen nan biyu masu bujen ciyawa haka suka ci gaba da fitowa har bayan ransa.

Sai a ranar 2 ga Maris, 2021, kamfanin da ke kula da ayyukansa ya sanar da daina buga littattafai shida, ciki har da wanda ke hannun 'yata. Aka yi ta ka-ce-na-ce a Amurka, wasu na cewa an yi wa adabi kisan gilla. A ganina an cika baki. Ba a ƙona kome ba, magada ne suka ce ba za su ƙara cin kuɗin wannan dariya ba. Manazarci zai sami littafin a ɗakin karatu, ya kuma kamata ya same shi, domin ɓoye tabo ba ya warkar da miki. Amma teburin manazarci daban, tabarmar yaro daban.

Duk da haka ban raba 'yata da Dokta Seuss ba, ba na kuma jin zan raba su. Kyanwan nan mai hula yana nan, sarkin kunkuru ma yana nan, har ta haddace inda gyatsar take. Wancan littafin ne kawai na ɗauke na kai ofis, inda nake buɗe wa ɗaliban aji huɗu shafin in tambaye su wa ake yi wa dariya. Ita kuwa a daren, bayan na gaya mata mutane ne, mai zanen ne bai san su ba, sai ta ɗauko fensir ta ce za ta zana shi shi ma. Ta yi masa hanci kamar tulu.