Babur ɗin ƙanƙara: ka gyara da hannunka ko ka kai wa dila?

Mai karatu, in kana kallon finafinan Amurka da wuya a ce ba ka taɓa ganin babur ɗin ƙanƙara ba. Tuna Die Hard 2 na 1990, inda Bruce Willis ya haye guda ya bi 'yan ta'adda cikin dare. Abin hawa ne mai kan babur, sai dai a madadin tayar gaba yana da ƙafafu biyu masu sulɓi, a baya kuma wata faffaɗar sarƙar roba ce irin ta katafila ke tura shi a kan dusar ƙanƙara. A fim da jarumi ya ɗare shi sai ka ji ya tashi, fuuu! Ba ya taɓa ƙin tashi sai in marubucin labari na son a kama jarumin. To a zahiri masu shi a Kanada da Alaska da Finlan sun daɗe suna wata gardama: in ya samu matsala, mutum ya kwance abinsa da kansa, ko ya kai wa dilan kamfani? Da jin farko za ka ce zancen kuɗi ne kawai. Ni dai ina ganin tambayar ta fi haka nauyi: abin da ka saya da guminka amma ba ka da ikon buɗe cikinsa, anya naka ne?

Bari mu fara da asalin abin. Joseph-Armand Bombardier bakanike ne a ƙauyen Valcourt na lardin Kebek. Cikin hunturun 1934 ɗansa ƙarami ya kamu da ciwon ciki, ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu. Wannan ya ƙara masa ƙaimi a kan aikin da dama yake yi na ƙera motar da za ta bi ta kan ƙanƙara, har aka kai ga ƙaramin Ski-Doo a 1959. Ka ga ke nan tun daga tushe, abin ya shafi rai ne, kuma mai gareji ne ya haife shi.

Yanzu ka ɗauki mutumin Igloolik a yankin Nunavut na arewacin Kanada. Garuruwan yankin 25 ne, kuma babu titin da ya haɗa ɗaya da ɗaya. Kaya masu nauyi jirgin ruwa ke kawo su in ƙanƙarar teku ta narke, sauran lokaci sai jirgin sama da tsadarsa. Mafarauci ya fita tafiyar yini guda a kan daskararren teku, bel ɗin da ke haɗa inji da sarƙa ya tsinke, ko fulogi ya sha mai ya ƙi ba da wuta. Wane dila zai kira? A nan iya canza bel da fulogi ba sha'awa ba ce. In ya ɗauko ɗansa a baya alhali bai iya waɗannan ba, ya ci amanar yaron tun kafin su bar gida. Shi ya sa ake fita da bel na safaya da fulogai da sifana a ƙarƙashin murfi.

A nan ne fim ya shigo, kuma abin da ke ci mani rai ke nan. A fim ɗin Nanook of the North na 1922, Robert Flaherty ya nuna wa duniya Ba'inuwit yana mamakin garmaho, har yana cizon faifan kamar bai taɓa ganin na'ura ba. Amma masanin tarihin fim Erik Barnouw ya ruwaito cewa a cikin mutanen da suka taya Flaherty aiki akwai waɗanda suka fi shi sanin kyamararsa, suna kwance ta su mayar. Dubi ikon Allah! A gaban kyamara an mai da su jahilan inji, a bayanta kuwa su ne makanikan. Sai da aka yi kusan shekara 60 kafin Zacharias Kunuk na Igloolik ya sayar da sassaƙe-sassaƙensa a Montiriyal cikin 1981 ya sayo kyamarar bidiyo tasa ta kansa. Ƙarshenta shi ya ba da umarnin Atanarjuat, fim da harshen Inuktitut zalla, wanda ya ci kyautar Caméra d'Or a bikin Cannes na 2001. Mu da industirinmu ta tashi da kyamarar bidiyo a hannun 'yan gida, ai ba sai an yi mana dogon bayani a kan bambancin ka riƙe na'ura da kanka da a riƙe maka ba.

Sai dai kada mu yi wa babur ɗin kirarin da bai kai ba. Kafin zuwansa karnuka ke jan keken ƙanƙara, kuma kare ba ya buƙatar fetur daga kudu. Abin da aka farauto shi yake ci. Tsakanin shekarun 1950 zuwa 1970 an hallaka karnukan Inuwit masu ɗimbin yawa, abin da gwamnatin Kanada ta nemi gafara a kansa a 2019, ta sake nema daga mutanen Nunavik a 2024. A Finlan ma Pertti Pelto ya yi nazarin makiyayan barewar ƙanƙara na ƙabilar Sami, ya fitar da littafi a 1973 inda ya nuna yadda babur ɗin ya ɗaure su da kuɗin mai da kayan gyara daga waje, kiwon ya koma hannun 'yan tsiraru masu hali. Wato tun ranar da ka sayi injin ka riga ka dogara da wani. Mai gyara da hannunsa ma ba shi ya ƙera fistin ba. Abin da ya rage masa shi ne ya rage tsawon igiyar da aka ɗaure shi da ita.

To me dila zai ce? Yana da hujja, kuma bai kamata mu toshe kunne ba. Tsohon inji mai kafireta kowa na iya warware shi a kan buhu, amma hayaƙi yake yi kamar an kunna yayi, ga shan mai. Daga samfurin 2006 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara ɗora wa waɗannan babura ƙa'idar hayaƙi, kamfanoni suka ƙara karkata ga injin da kwamfuta ke auna masa mai. Injin ya fi tsabta, ya fi tattali, amma in ya yi ciwo sai an jona shi da wata kwamfutar kafin ya faɗi abin da ke damunsa. Bugu da ƙari akwai wuraren da ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kulocin gaba yana juyawa kusan sau dubu takwas a minti, da ƙaƙƙarfan sifirin a matse a cikinsa, kusa da ƙafar mai tuƙi. Wanda ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya kwance shi ya mayar ba daidai ba, ba ransa kaɗai ya sa a caca ba. Haka birki. Akwai girman kai a cikin "ni ba na kai wa kowa abina", kuma galibi wanda aka goya a baya ne ke biyan kuɗinsa. Makaniken dila da ya buɗe irin injin nan sau ɗari ya san sautin da kai ba ka taɓa ji ba, kuma biyansa haƙƙinsa ba gazawa ba ce.

Inda na raba gari da kamfanoni shi ne kulle ƙofa. Daban ne a ce maka aikin nan yana da haɗari, ga littafi, ga kayan aiki, in ba za ka iya ba ka kawo. Daban ne kuma a ɓoye mabuɗin. Kamfanin BRP mai ƙera Ski-Doo yana da manhajar binciken inji da ake kira BUDS, wadda aka tanada domin dilolinsa, kuma ko sabon makulli za a yi wa babur ɗin sai an bi ta kanta. Ga mutumin da ke wajen garin Montiriyal wannan ɓata lokaci ne kawai: ya ɗora a tirela, ya bi layi, wataƙila ya rasa 'yan makonni daga cikin gajeren lokacin hawa. Ga mafaraucin da dila mafi kusa da shi sai an hau jirgin sama, maganar abincin gida ce. Doka ɗaya, nauyi biyu. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara, to abin da ka biya kuɗinsa cas amma sai da izinin wani zai tashi, me ya raba shi da na aro?

Za ka ji wasu na cewa in ka taɓa inji da hannunka garanti ya tashi. A Amurka dai dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya sharɗanta garanti da cewa lallai sai a wurinsa za ka yi sabis ko ka sayi kaya, sai fa in kyauta zai ba ka. Abin da zai iya ƙi shi ne ɓarnar da gyaranka ya jawo. Wannan a ganina adalci ne: ka canza mai, ka gyara tsaurin sarƙa, ka adana rasit, in kuma ka ɓata ka ɗauki nauyin ɓarnarka. Mutum ba zai nemi 'yancin buɗe inji ba sannan in ya ƙone ya ce laifin wani ne.

A Kanada, cikin Nuwamba 2024, wata doka da aka fi sani da C-244 ta yi wa dokar haƙƙin mallaka kwaskwarima, ta halatta wa mutum ya tsallake makullin manhaja domin bincike da gyaran kayansa. Mai karatu, kada ka yi saurin tafi. Dokar ta ce ba laifi ka buɗe, amma ba ta tilasta wa kamfani ya miƙa maka manhajar ba, kuma ba ta halatta sayar da kayan buɗewar ba. Mutumin Igloolik yanzu yana da izinin shiga ɗakin da har yau mabuɗinsa ke aljihun dila a kudu, nisan ɗaruruwan kilomita.